Bawul ɗin da Malam Tanimu Ya Bari a Rufe

An yi wani bawan Allah, mai gyaran famfo, wanda ya rasa aikin gidaje tara a yini ɗaya saboda wata magana da ya faɗa da bakinsa, alhali ba wanda ya tambaye shi. Saboda wannan maganar kuma, wani tsoho da aka riga aka sallama ya kwance ƙunshin kayansa, ya ci gaba da kwana a ɗakin da ya shekara talatin da ɗaya a ciki. Na fara ba ku ƙarshen ne don kada hankalinku ya tafi ga yadda za a ƙare. Ina so ku lura da yadda aka yi.

Sunan mai gyaran Malam Tanimu. Abin ya faru da daɗewa, a wani gari na kan tsauni inda a da ake haƙar kuza, garin da in sanyi ya sauka za ka ga tururi na fita daga bakin mai magana har hantsi. Turawan da suka yi haƙar sun bar gidaje tara a gefen garin, attajirai suka saye. A bayan kowane gida akwai ɗan ɗaki da tukunyar ƙarfe a ciki, ana hura mata itace. Ruwan da ya yi zafi yana bin bututu ya shiga ɗakuna, ya ratsa wasu faffaɗan ƙarafa da ke jingine da bango, waɗanda mutanen wurin ke kira haƙarƙari saboda kamanninsu, sannan ya komo tukunya. Abin da ke tura ruwan wani ɗan famfo ne mai aiki da lantarki, bai fi ƙaramar ƙwarya girma ba. A samansa akwai bawul, a ƙasansa akwai wani. Bawul shi ne makullin da ake murɗawa a tare ruwa. Irin na wancan zamanin yana da ɗan kewayayyen ƙarfe a ka, kuma ko a buɗe yake ko a rufe, ido ba ya bambancewa sai an sa hannu.

Duk garin Malam Tanimu kaɗai ya san kan wannan aikin. Gidajen nan tara su ne abincinsa da na iyalinsa.

Ɗaya daga cikinsu na Alhaji Mudi ne, dillalin dankali. Ba don ƙawa ya sayi gidan ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Tasalla, tana da ciwon ƙirji. Sanyi na tayar mata da shi, hayaƙin gawayi kuma ya fi sanyin tayar da shi, don haka ba a kai mata kasko ɗaki. Ɗumin haƙarƙarin nan shi ne lafiyarta. Mai hura tukunyar kuwa wani tsoho ne, Baba Nomau, wanda aka sayi gidan aka same shi a ciki. Matarsa ta rasu, bai haihu ba, ƙauyen da ya fito ba sauran wanda ya san shi. Yanar ido ta fara rufe masa gani, yana ɓoyewa, kowa a gidan ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa.

A farkon sanyin wata shekara famfon ya fara ƙugi, sannan ya tsaya. Aka kira Malam Tanimu ran Litinin. Ya duba, ya ce famfon ya mutu. Ya kama bawul na sama ya murɗa, ya ƙi motsi. Na ƙasa ya motsa amma yana zubar da ruwa. Tsatsa ta cinye su duka biyun.

"Baba, abin ya zama uku," in ji shi. "Da makullan nan suna da rai, sai in rufe su in zare famfon kawai. Yanzu sai mun zubar da ruwan gidan kaf."

Baba Nomau yana zaune a kan kututturen da yake faskare, ya ce, "Ai famfon nan ya girme ka a aiki, Tanimu. Ina nan aka ɗaura shi."

"Kai ma ka girme shi, Baba, ga shi ba a canza ka ba."

"Ni da tuwo nake aiki, ba da lantarki ba," in ji tsohon, suka yi dariya.

Ranar suka zubar da ruwan. Ran Talata da safe Malam Tanimu ya kwance tsofaffin bawul, ya kankare bakin bututun, ya ɗaura sababbi, ya rufe su tam, ya sa aka cika bututun da ruwa don ya ga ko wani wuri zai yi gumi. Da ya ga babu, ya shigar da sabon famfon a tsakaninsu, ya sa roba a kowane baki, ya ɗaure da sifana.

To ku saurara, nan ne wurin da ya kamata ku riƙe. Malam Tanimu yana da wata al'ada da ya koya a wurin maigidansa. Yana yawo da jajayen ƙyallaye a aljihu. Duk bawul ɗin da ya rufe sai ya ɗaura masa ɗaya, ba ya kwancewa sai ya buɗe shi. In zai tafi, ba ya dogara da tunaninsa, ido kawai yake ɗagawa: in babu ja, komai a buɗe yake. Shekara ashirin yana haka, bai taɓa barin gida da ruwa a tare ba.

Ya buɗe na sama, ya kwance ƙyallensa ya sa a aljihu. Ya durƙusa zai kama na ƙasa ke nan, sai wani mai wucewa ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Malam Tanimu, ba ka ji ba? Allah ya yi wa maƙerin bakin kasuwa rasuwa. Ga shi can ana fitowa da shi."

Maƙerin nan shi ke gyara masa kayan aiki tun yana koyo. Kun san jana'iza ba ta jiran kowa. Malam Tanimu ya miƙe, hannunsa duk baƙin mai, ga alwala zai yi. Ya kai hannu ga tsumman da ya fi kusa, ya fizge, ya goge, ya cusa a aljihu, ya bi sawu. Tsumman nan shi ne jan ƙyallen bawul na ƙasa.

Bayan la'asar ya dawo daga maƙabarta, jikinsa a mace. Ya ɗaga ido: babu ja a sama, babu ja a ƙasa. Ya kunna famfon, ya yi ta gurnani a hankali kamar lafiyayye, domin famfo yana juyawa ko ruwa na wucewa ko ba ya wucewa. A ƙa'ida yakan zauna sai an hura wuta, ya bi ɗakuna ya taɓa haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Amma itacen ranar bai iso ba tukuna, Baba Nomau kuma ya ce masa, "Je ka huta, ka yi rashi. Ni da tukunyar nan mun san juna." Sai ya tafi.

Da itace ya iso Baba Nomau ya hura. Ba a daɗe ba tukunyar ta fara bugawa kamar ana dukanta da guduma daga ciki, ɗakuna kuwa sanyi ƙalau. Tsohon ba ya gani sosai, amma kunnensa ya shekara talatin da ɗaya yana sauraron ƙarfen nan. Ya janye itacen, ya kashe famfon. Hajiya ta kwana cikin sanyi.

Ran Laraba Alhaji Mudi ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar ɗakin tukunya. A ganinsa lissafin a fili yake: famfo sabo, bawul sababbi, wanda ya ɗaura su bai taɓa kuskure ba. Abu ɗaya ne tsoho a ɗakin.

"Baba Nomau, hura ina gani."

Ya hura. Ta sake bugawa. Ya sa hannu zai janye itacen.

"Bar shi!"

"Alhaji, tukunyar nan tana shaƙewa. In na bari za ta fashe."

"Na ce ka bar shi. Inna tana can tana tari."

Tsohon ya janye itacen. A yammacin nan ƙirjin Hajiya ya tashi, sai da aka ɗauko likita. Ran Alhamis maƙwabta suka cika falo suna dubiya, cikinsu har da masu sauran gidajen nan. A gabansu Alhaji ya ce tsufa ya ci ƙarfin Nomau, ba ya gani, ba ya jin magana, ya kusa kashe masa uwa. Ya ce gobe bayan sallar Juma'a motar dankali za ta sauke shi a ƙauyensu.

Malam Tanimu bai san komai ba. Ran Juma'a da hantsi ya biyo don ya duba aikinsa, kamar yadda yakan yi bayan kwana uku. Falo ya sake cika da maƙwabtan nan masu dubiya. Ya tarar da ɗakin tukunya ba wuta, Baba Nomau na durƙushe yana ɗaure tabarma da buta da wani tsohon bargo.

"Baba, ina zuwa?"

"Gida, wai."

"Wane gidan?"

"Haka dai Alhaji ya ce." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Ba laifinsa. Idon ya tafi, Tanimu. Wataƙila itacen nake cikawa ban sani ba. Ka yi aikinka mai kyau, ni na ɓata maka."

Ya ba shi labarin bugun, da janye wutar, da likita. Malam Tanimu ya nufi famfon. Ya kama bawul na sama: a buɗe. Ya durƙusa ya kama na ƙasa, ya murɗa kaɗan. Ashe a rufe yake, ruwa ya yi 'yar ƙara a cikin bututu. Ya sa ɗaya hannun a aljihu, ya fito da ƙyallaye biyu. Ɗaya tsaf yake. Ɗaya da shatin yatsunsa na baƙin mai.

Ku dubi inda yake, jama'a. Ba kowa a ɗakin sai tsohon da ba ya gani. Murɗawa shida ta rage ya buɗe bawul ɗin gaba ɗaya, a hura wuta, gida ya yi ɗumi, a ce Malam Tanimu ya zo ya sake ceton gidan. Ba wanda zai taɓa sani. Ba sai ya yi ƙarya ba ma. Shiru ya ishe shi.

Amma tsohon ya ji ƙarar ruwan.

"Na ƙasa ne?" ya tambaya a hankali.

"Na ƙasa ne, Baba. Ni na bar shi a rufe."

Baba Nomau ya saki ƙunshinsa. Sannan ya lalubo hannun Malam Tanimu ya riƙe. "To ji nan. Buɗe shi. Ka ce iska ce ta shiga bututu, ka fitar. Ai takan shiga."

"In na ce iska, Alhaji zai ce wa ya bar tankin da ke cika tukunya ya bushe har ta shiga. Kai zai nuna."

"To ya nuna. 'Ya'yanka nawa, shida? Mutanen da ke falon can su ne gidajenka tara. Ni me ya rage mini, kwana nawa ne?"

"Ko kwana ɗaya ne, Baba, a ɗakinka za ka yi shi."

Ya mayar da bawul ɗin yadda ya same shi, ya rufe tam. Ya ɗaura masa ƙyallen mai dattin. Ya wanke hannu, ya zagaya ta ƙofar gaba, ya yi sallama a falo.

Wani zai ce me ya hana ya ja Alhaji gefe. Ni ma na yi wannan tunanin. Amma a gaban mutanen nan aka ɗora wa tsohon laifi. In aka sauke shi a ɓoye, su abin da suka ji jiya shi za su riƙe.

Ya durƙusa ya gaishe su, ya yi ya mai jiki. Alhaji ya ce, "Yauwa Malam, gara da ka zo. Ka nemo mana mai hura wuta mai ido."

"Ranka ya daɗe, mai hura wutarka ba shi da laifi. Ni na bar bawul ɗaya a rufe ran Talata. Ruwan bai sami hanya ba, shi ya sa ta yi ta bugawa. Da Baba bai janye itacen ba, da tukunyar ta fashe, kuma shi ne a gabanta."

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi 'yar dariya ya ce, "Malam Tanimu, tausayi ne ya kai ka haka? Kada ka ɗauki kayan da ba naka ba."

"Nawa ne, Alhaji. Yana nan a rufe, ban buɗe ba. Ina roƙon maigida ya zo ya taɓa da hannunsa."

Suka fita su duka. Alhaji Mudi ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa, ya kama bawul ɗin ya murɗa. Ɗaya, biyu, har bakwai. Kowa ya ji ruwan ya wuce. Ya miƙe yana kallon tafin hannunsa.

"Kwana uku uwata tana cikin sanyi."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Saboda ka manta."

"Saboda na manta, kuma ban tsaya na taɓa ɗakunan ba."

Bai kawo maganar jana'iza ba. Alhaji ya ce ya tattara kayansa, kada ya sake taka gidan. Baƙin suka kalli juna, kowa ya tuna shi ma yana da tsoho ko jariri a gida. Kafin a taso daga masallaci sauran gidaje takwas sun aika cewa za su riƙa ɗauko mai gyara daga babban gari.

Malam Tanimu ya ce ya ji, abu ɗaya yake roƙo: a bar shi ya zauna sai ɗakin Hajiya ya yi ɗumi. Alhaji ya juya ga tsohon, wanda ke tsaye kusa da ƙunshinsa. Abin da ya iya faɗa shi ne, "Baba, a hura wuta." Baba Nomau ya ce, "To, Alhaji," ya tura ƙunshin gefe da ƙafa, ya ɗauki itace.

Bayan Juma'a suka zauna su biyu a bakin ɗakin, tukunyar na ci shiru, ba bugu. Baba Nomau ya ce, "Kai dai wawa ne, Tanimu." Ya ce, "Na ji, Baba." Tsohon ya kwance bakin ƙunshinsa ya ciro goro ɗaya da ya ajiye don hanya, ya fasa, ya miƙa masa babban ɓarin.

Can aka ce Hajiya na kira. Ya tsaya a bakin ƙofa, bayan labule. Tana kishingiɗe, ta ɗora tafinta a kan haƙarƙarin da ke kusa da gado, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kai ne ka so ka mai da ni ƙanƙara?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Ki yafe mini."

"Nomau ya aiko mini wai jana'iza ka bi. Wa ya rasu?"

"Maƙerin bakin kasuwa."

"Allahu akbar. Shi ya yi mini wuƙar da nake yanka kuɓewa. Allah ya jiƙansa." Ta yi tari, ta huta. "An sami mutane?"

"An samu, Hajiya. Sahu biyar."

"Madalla. To ka ga ƙarfen ya fara ɗumi. Shigo ka taɓa, tunda an ce sai ka taɓa kake tafiya."

Ya shiga da kansa a sunkuye, ya taɓa. Da ɗumi. Ta ce, "Na yafe. Mudi kuwa ka bar shi, tsoro ne ya kama shi, ni kaɗai gare shi." Ya yi godiya, ya ɗauki jakar kayansa ya fita.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Kuskure ba ya mai da mutum maci amana. Malam Tanimu ya yi kuskure, har wata baiwar Allah ta sha wuya a kansa, kuma ba a rage masa wannan ba. Cin amana yana farawa ne daga lokacin da ka gane naka ne, ka ga an ɗora wa wani, ka yi shiru. Mafi yawanmu ba ma ƙarya. Shiru muke yi, mu gyara abin a ɓoye, mu bar wanda ya fi mu rauni da zargin. A wurin aikinku akwai masinja ko mai shara da aka yi wa tsawa a kan takardar da kai ka ajiye ka manta. A gidajenku akwai mai aikin da aka harara a kan abin da ya fashe a hannunki. Har yau yana gaishe ka da safe, kai kuma ka san abin da ka sani. Kada ka ce abin ya wuce. A wurinsa bai wuce ba, kuma Allah yana nan lokacin da aka yi. Ka je ka faɗa, a gaban waɗanda suka ji zargin. Allah ya ba mu ikon yi.

Kada kuma ku ce na yi muku alkawarin za a yaba muku. Malam Tanimu bai sake samun aikin gidajen nan ba. Da sanyi ya wuce ya kwashe iyalinsa ya gangara wani gari a ƙasan tsaunin, yana gyaran famfon rijiyoyi. Baba Nomau ya ƙara shekara huɗu yana hura tukunyarsa, ya rasu a ɗakinsa, Alhaji Mudi na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Bayan sadakar uku Alhaji ya rubuta wasiƙa da hannunsa, ya ba direban motar dankali ya kai wa Malam Tanimu. Direban ya ce bai same shi ba, ya bar ta a hannun wani mai shayi a tasha. Ba wanda ya san abin da ke cikinta, kuma ba a tabbatar ta isa hannunsa ba.